Filin Tambaya da Amsa: Zaɓen Manhajar Taswira don Warware Kacici-kacicin Jiyokashin

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ban daɗe da shiga wasan jiyokashin ba, wato farautar ɓoyayyun akwatuna da na'urar GPS, kuma ajiyar da ake ba da lambobin wurinta kai tsaye ba ta ba ni wahala. Wadda ta sha mini kai ita ce wadda sai an warware kacici-kacici kafin a san inda take. Wani mai ajiya ya ba da wurare uku, ya faɗi nisan akwatin daga kowannensu, amma manhajar taswirar da ke wayata ba ta zana da'ira, ballantana ta nuna mini inda da'irori uku suka haɗu. Wace manhaja ce guda ɗaya zan riƙe wadda za ta wadatar da ni a kowane irin kacici-kacici? Daga wani ɗalibin jami'a.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka cire rai daga samun manhaja guda da za ta yi maka komai, domin aikin da ke gabanka kashi uku ne, kuma manhajar da ta ƙware a ɗaya yawanci tana da rauni a sauran biyun. Akwai lissafi, wato fitar da lambobin wuri daga nisa da kusurwa. Akwai dubawa, wato ɗora abin da lissafi ya fitar a kan taswira don a ga ko hankali zai ɗauka. Sannan akwai ɗaukar amsar zuwa fili a cikin waya ko na'urar GPS. Manhajar da ke wayarka an ƙera ta ne don ta nuna wa direba hanya, saboda haka ba laifinta ba ne idan ta kasa yin aikin safiyo.

Tun daga asalinsa, wannan wasa ya dogara ne a kan daidaiton 'yan mitoci. A farkon watan Mayun 2000 ne gwamnatin Amurka, a zamanin Bill Clinton, ta daina dagula siginar GPS da gangan ga farar hula, abin da ya rage kuskuren na'urori kusan ninki goma, kuma a ranar 3 ga watan ne Dave Ulmer ya ɓoye wani baƙin bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya wallafa lambobin wurin a intanet don ya gwada ko mutane za su iya gano shi. A watan Satumban shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75, yau kuwa sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190. Abin da ake nema sau da yawa bai fi girman ɗan yatsa ba, don haka manhajar da za ta kauce da kai mita 40 ba ta amfane ka da komai ba, duk kyawun taswirarta.

Kafin ka buɗe kowace manhajar lissafi, ka riƙe ƙa'idoji biyu na shafin, domin su kaɗai suna rage maka rabin wahala. Ta farko, a ajiyar kacici-kacici, wadda ake yi wa alamar tambaya a taswira, lambobin da aka wallafa yawanci ba nan akwatin yake ba, amma ba a yarda ainihin wurin ya yi nisan da ya wuce mil 2 daga gare su ba, wato kilomita 3.2, sai dai a wasu tsofaffin ajiyoyi da suka riga wannan iyaka. Ta biyu, dole ne a bar tazarar mita 161 tsakanin akwati da akwati. Idan ka zana babbar da'ira mai nisan kilomita 3.2 a kan lambobin da aka wallafa, sannan ka zana ƙananan da'irori na mita 161 a kan sauran akwatunan da ka san wurinsu, duk amsar da ta faɗa a waje da babbar ko a cikin ƙananan to akwai matsala a tare da ita.

A ɓangaren lissafi, abin da ya dace da matsalarka ta da'irori uku shi ne GC Wizard, manhajar kyauta da ake samu a Android da iPhone, wadda masu wannan wasa suka rubuta don kansu. Za ka shigar da lambobin wuraren uku da nisan kowanne, ta fitar maka da mahaɗarsu, kuma tana da lissafin tsinkayo wuri daga nisa da kusurwa, da mahaɗar layuka biyu, da tsakiyar wurare, ban da tarin hanyoyin kwance rubutun sirri. Idan kana gaban kwamfuta, shafin Geocaching Toolbox yana yin mafi yawan waɗannan ayyuka, shi kuma GPS Visualizer yana zana da'irori a kewayen wuri ya ba ka su a fayil ɗin da za ka buɗe a wata manhajar. Ka lura cewa da'irori biyu suna haɗuwa a wuri biyu, ta ukun ce take raba gardama, kuma ba safai ukun suke haɗuwa a ɗigo guda cif ba, saboda mai ajiyar ya cike nisan zuwa mita mafi kusa. Abin da za ka gani shi ne ɗan ƙaramin alwatika, kuma idan faɗinsa bai wuce mita biyu ko uku ba, tsakiyarsa ita ce amsarka. Idan kuwa ya kai mita hamsin, to ka koma ka duba lambobin da ka shigar.

A ɓangaren dubawa, ban ga abin da ya kai Google Earth Pro na kwamfuta sauƙi ba, wanda ya zama kyauta tun 2015. Ma'auninsa yana zana layi ya nuna tsawonsa da kusurwarsa, yana zana da'ira, yana ba ka damar adana abin da ka zana, kuma a cikin saitinsa za ka iya sa ya nuna lambobin wuri a tsarin da shafin wasan yake amfani da shi. Amma ka ɗauke shi a matsayin mai tabbatarwa, domin da'irar da aka ja da hannu takan kauce da mita ɗaya ko biyu. Amfaninsa shi ne ya nuna maka cewa amsarka ta faɗa tsakiyar tafki, ko kan babban titi, ko cikin gidan mutane, wuraren da ba a yarda a ajiye akwati ba ko kuma ba zai yiwu ba. Google My Maps yana da kyau wajen tara wurare da raba su da abokan wasa, sai dai ba shi da abin zana da'ira, sai ka kawo ta daga waje a fayil ɗin KML, wato tsarin fayil ɗin Google Earth.

Duk manhajar da za ka zaɓa, ka tabbata tana karɓa kuma tana fitar da fayil ɗin GPX, wanda shi ne tsarin da na'urorin GPS da manhajojin wasan suke musayar wurare da shi tun 2002, kuma zai fi kyau idan ta san KML. Sake buga lambobi da hannu daga wannan manhaja zuwa waccan shi ne inda ake yawan juya 6 ta koma 9, ko a tsallake sifili.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na warware wani kacici-kacici da ya ce a tafi mita 850 a kusurwar digiri 127 daga wani wuri. Na yi lissafin a manhajoji biyu, kowace ta ba ni amsa daban, kuma abin tantance amsa da ke shafin ajiyar ya ƙi karɓar ko ɗaya. Ta yaya zan san wadda take da gaskiya? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Barka kadai, Malama. Abu na farko da za ki yi shi ne ki auna tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu, domin girman bambancin shi ne yake tona asirin inda matsalar take, kuma kowane irin kuskure yana da girman da aka san shi da shi.

Idan bambancin ya kai ɗaruruwan mitoci ko kilomitoci, kusan kullum tsarin rubuta lambobin ne. Akwai hanyoyi uku da aka saba: digiri da ɓurɓushinsa, digiri da minti da ɓurɓushin minti, sai kuma digiri da minti da sakan. Shafin Geocaching.com yana amfani da ta biyun. Ga misali, N 45° 30.500 yana nufin digiri 45 da minti 30 da rabi, wanda ya yi daidai da digiri 45.50833. Wanda ya cire tazarar ya buga 45.30500 ya kauce da fiye da kilomita 22, wanda kuma ya karanta shi a matsayin minti 30 da sakan 50 ya kauce da mita 600 da ɗoriya, alhali dukansu suna ganin lambobi iri ɗaya suka rubuta. Manhaja mai kyau tana nuna miki a fili tsarin da take sauraro, tana kuma maimaita miki abin da ta fahimta kafin ta yi lissafi. Wadda take haɗiye duk abin da aka ba ta ba tare da ta ce uffan ba, ki yi hattara da ita. Haka nan ki duba ma'aunin nisa, domin ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, kuma manhajar da aka saita a kan ƙafa za ta ajiye ki kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar.

Idan bambancin yana tsakanin gomman mitoci da ɗari biyu, to abu biyu ake zargi. Na farko shi ne arewar da aka auna kusurwar daga gare ta. Akwai arewa ta haƙiƙa, wadda take fuskantar ƙuryar duniya, akwai kuma arewar maganaɗisu, wadda allurar kamfas take nunawa, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa da kuma daga shekara zuwa shekara, har ma ana sabunta jadawalinta na duniya duk bayan shekara biyar. Kuskuren digiri ɗaya kacal yana kauce da mutum mita 17 da rabi a kowace kilomita, saboda haka a tafiyarki ta mita 850, bambancin digiri 5 zai kai ki kusan mita 74 daga akwatin. Yawancin masu ajiya arewa ta haƙiƙa suke nufi idan ba su faɗi komai ba, kuma da ita za ki fara.

Na biyun shi ne tubalin awo, wato siffar duniya da mafarin da aka ɗora lambobin a kansu. GPS da wannan wasa duka suna kan WGS84, amma tsofaffin taswirorin ƙasashe da yawa suna kan nasu tubalin, kamar NAD27 a Amurka da OSGB36 a Birtaniya, inda bambancin yakan kai mita ɗari. Wanda ya tsaya a kan shahararren layin nan da ke Greenwich a Landan ya duba na'urarsa ba zai ga sifili ba, domin sifilin WGS84 yana gabas da shi da kimanin mita 102. Wasu masu ajiya da gangan suke ba da lambobi a kan tsohon tubali, sauyawar ita ce kacici-kacicin, don haka ki nemi manhajar da ke ba ki damar zaɓen tubali maimakon wadda ta ɓoye shi.

Idan kuwa bambancin bai wuce mita biyu zuwa biyar ba, wataƙila duka manhajojin suna da gaskiya gwargwadon hanyarsu. Wata tana ɗaukar duniya a matsayin cikakken ƙwallo, wata kuma tana la'akari da cewa ta ɗan baje a tsakiya, inda nisan cibiyarta zuwa layin ikwaita ya fi na zuwa ƙuryarta da kimanin kilomita 21. Lissafin ƙwallo yana iya kaucewa har kusan mita 5 a kilomita, shi kuwa lissafin da Thaddeus Vincenty ya wallafa a 1975 kuskurensa bai kai milimita ɗaya ba a irin wannan nisa. Lambar ƙarshe a tsarin shafin tana wakiltar kimanin mita 1.85 a latitud, saboda haka wannan ɗan bambanci ya isa ya sauya ta. A fili ba zai hana ki samun akwatin ba, amma yana iya sa abin tantancewa ya ƙi ki, domin wasu masu tantancewar suna yafe 'yan mitoci, wasu kuwa sai lamba ta yi daidai da lamba. A nan dabara ita ce ki gwada hanyoyin biyu, tunda abin da ake so ki dace da shi shi ne lissafin mai ajiyar, ko da nasa bai kai naki inganci ba. Ki kuma sani cewa masu tantancewa suna taƙaita yawan gwaji a cikin ɗan lokaci, don haka ba a yi musu cinke.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni malamin labarin ƙasa ne, kuma na ɗan iya QGIS, wato manhajar zana taswira ta kwamfuta. Na gwada zana da'irar mita 1,000 da ita, amma da na auna a wata manhajar sai na ga ba ta kai ba, wata da'irar ma ta fito kamar ƙwai. Shin QGIS ba ta dace da wannan wasa ba ne? Daga wani malamin sakandare.

Amsa: Tare da naka, Malam. QGIS ta dace ƙwarai, har ma ta fi ƙarfin mafi yawan abin da wasan yake buƙata, kuma kyauta ce tun da Gary Sherman ya fara ta a 2002. Abin da ya faru da kai ya samo asali ne daga tsarin shimfiɗar taswirar da ka yi aikin a kai, kuma wannan ita ce matsalar da ta fi kowace zurfi a cikin tambayoyin wannan fitowa.

Duniya dunƙulalliya ce, allon kwamfuta kuwa shimfiɗaɗɗe ne, kuma kamar yadda ba a iya baje ɓawon lemo a kan tebur ba tare da ya yage ko ya miƙe ba, haka kowace taswira take sadaukar da wani abu, ko nisa, ko girma, ko kusurwa. Kusan duk taswirorin intanet suna amfani da wani reshe na tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a 1569 don matuƙan jirgin ruwa, wanda a QGIS za ka gan shi da lamba EPSG:3857. Wannan tsari yana kiyaye siffa da kusurwa, amma yana kumbura nisa yayin da ake nesanta daga ikwaita, shi ya sa tsibirin Girinlan yake fitowa kamar ya kai Afirka girma alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Da'irar da ka zana da 1,000 a wannan tsari, idan a latitud 45 kake, mita 707 ce kawai a ƙasa, a latitud 60 kuwa mita 500. A kusa da ikwaita bambancin ƙanƙane ne, shi ya sa wasu suke daɗewa suna aiki da tsarin ba su ankara ba.

Da'irar da ta fito kamar ƙwai kuwa, alama ce ta cewa ka yi aikin a kan EPSG:4326, inda ma'aunin digiri ne ba mita ba. Digiri ɗaya na latitud kimanin kilomita 111 ne a ko'ina, amma digiri ɗaya na lonjitud yana raguwa har ya koma rabi a latitud 60, saboda haka abin da ya zama da'ira a lissafin digiri ba da'ira ba ne a ƙasa.

Maganin shi ne ka mayar da aikin naka kan tsarin UTM na yankin da ajiyar take. UTM ya raba duniya yanki 60, kowanne faɗinsa digiri 6, kuma a cikin yanki guda lambobin mita ne zalla, inda kuskuren nisa a tsakiyar yankin bai wuce santimita 40 a kilomita ba. Da zarar ka koma kansa, lissafin Paitagoras da kake koyarwa a aji ya wadatar, har ma za ka iya warware da'irori uku a Excel ko LibreOffice Calc ta hanyar ɗebe lissafin da'ira ɗaya daga na sauran biyun, abin da zai bar maka layuka biyu miƙaƙƙu da mahaɗarsu ita ce amsa. Sai dai UTM yana da nasa tarkon, domin arewar layukansa tana karkacewa daga arewa ta haƙiƙa yayin da ake matsawa gefen yanki, har ta kan haura digiri 2 a ƙasashen da ke nesa da ikwaita. Saboda haka ka yi aikin nisa da shi, aikin kusurwa kuma ka bar wa abin da ke lissafi a kan ainihin siffar duniya, kamar ƙarin Shape Tools da ake sakawa a QGIS, wanda yake zana da'ira da layi a kan wannan siffar. Ƙarin Lat Lon Tools kuma yana sauƙaƙa shigar da lambobi a tsaruka daban-daban.

Inda QGIS take nuna fifikonta shi ne kacici-kacicin da ya ƙunshi wurare masu yawa, ko neman wurin da nisansa daga wurare uku yake daidai, ko layukan da aka ja tsakanin birane masu nisa. A wannan na ƙarshe dole ne ka san irin layin da mai ajiyar yake nufi. Miƙaƙƙen layi a taswirar Mercator layi ne mai kusurwa ɗaya tun daga farko har ƙarshe, amma ba shi ne hanya mafi kusa ba. Daga Landan zuwa Tokiyo, wancan layin yana tafiya a kan digiri 99 ko kusa da haka, wato gabas da ɗan karkata kudu, alhali hanya mafi kusa tana tashi ne a kan kimanin digiri 32, ta nufi arewa maso gabas. Mahaɗar irin waɗannan layuka tana iya bambanta da ɗaruruwan kilomitoci gwargwadon wanda aka zaɓa. Ga wanda bai taɓa buɗe QGIS ba dai, ba zan ce ya koye ta saboda da'irori uku kawai ba, domin lokacin da zai ɓata ya fi abin da zai samu.

Tambaya: Malam, ni ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni, kuma wuraren da nake zuwa sau da yawa babu sabis. Ko zan iya? Daga wani matashi mai karatu.

Amsa: Za ka iya, ƙanena. GC Wizard tana lissafinta ba tare da intanet ba. Idan Android gare ka, c:geo kyauta ce, tana adana ajiyoyi da taswirar da ka sauke tun daga gida, tana nuna da'irorin mita 161, kuma tana da wurin rubuta lambobi masu haruffa, yadda da zarar ka samo ƙimar A da B da C a fili sai ta cike maka wurin da kanta, abin da yake da matuƙar amfani a ajiya mai matakai, wato wadda ake tattara lambobinta daga wuri zuwa wuri. Locus Map ma tana da kayan aikin wasan, a iPhone kuma akwai Cachly. Taswirorin da waɗannan manhajoji suke saukewa galibi daga OpenStreetMap suke, wadda aka kafa a Birtaniya a 2004 kuma 'yan sa-kai suke zana ta, shi ya sa takan nuna ƙananan hanyoyin ƙafa da gadoji da shingaye da wasu taswirorin suke tsallakewa, ko da yake cikarta ta danganta da yawan masu zane a yankin. Da zarar ka warware kacici-kacici, ka shigar da gyararrun lambobin a shafin ajiyar tun kana da sabis, don alamar ta koma ainihin wurin, ka kuma rubuta yadda ka warware a wurin ajiye bayanin kanka.

Tambaya: Wani kacici-kacicin hoto ne kawai na wata hasumiyar ruwa, babu lamba ko ɗaya. Wace taswira ce za ta taimaka? Kuma idan hoton tauraron ɗan'adam ya saɓa da lambobin da na samu, wanne zan bi? Daga wata uwargida mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Hajiya, ki fara da fayil ɗin hoton kansa, domin kyamarori da wayoyi sukan rubuta lambobin wuri da lokaci a cikin bayanan da ake kira EXIF, kuma masu ajiya sukan ɓoye saƙo a nan da gangan. Idan babu komai, sai ki koma ga babbar da'irar nan ta kilomita 3.2, ki bincika cikinta. Shafin Overpass Turbo yana ba da damar tambayar rumbun OpenStreetMap ya fito da duk hasumiyoyin ruwa, ko gadoji, ko gumakan tunawa da ke cikin wani yanki, abin da zai mayar da binciken gari guda zuwa duba wurare kaɗan. Daga nan sai ki tantance da Street View ko Mapillary, masu nuna hotunan tituna, inda suke da hotuna. Idan hoton tsoho ne, ko an rushe ginin, Google Earth Pro yana da ma'ajiyar hotunan shekarun baya da za ki iya ja ki ga yadda wurin yake a da.

Game da saɓanin kuwa, lambobin za ki bi. Hoton sama yakan goce da 'yan mitoci daga ainihin wurinsa, musamman a kan tsaunuka da gangare, kuma dogayen gine-gine da bishiyoyi sukan bayyana a karkace saboda kusurwar da aka ɗauki hoton. A ƙasar Sin ma doka ce ta sa ake gusar da taswirorin tituna da ɗaruruwan mitoci daga WGS84. Hanyar gane gocewar hoto a yankinki ita ce ki ɗora lambobin wani akwatin da kika riga kika samu da hannunki, ki ga inda alamar ta sauka, kuma wannan gwajin ya dace da kowace sabuwar manhaja kafin ki dogara da ita: ki ba ta kacici-kacicin da kika riga kika san amsarsa, ki ga ko za ta maimaita. A fili kuma, wayar zamani a ƙarƙashin buɗaɗɗiyar sama kuskurenta yakan kai kimanin mita 5, na'urar mai ajiyar ma tana da nata, kuma inuwar bishiyoyi da dogayen gine-gine suna ƙara shi, saboda haka idan allon ya nuna saura mita 10, sai ki sa wayar a jaka ki fara duba gindin bishiyoyi da tsagar duwatsu da ƙarƙashin kujerun zama da ke kewayen.